Kumfar Injiniya

Mijina ya rasu. Kujerarsa ta roba tana nan a ƙofar shagona, wadda ya ɗaure ƙafarta da waya ya ce ta fi sabuwa ƙarfi. Babu mai zama a kanta, domin duk wanda ya zauna sai ta kayar da shi. Shi kaɗai ya san yadda ake karkacewa a kanta. Babu kuma mai tare mutane a hanya ya koya musu sana'ar da suka gada. Layinmu ya yi shiru, irin shirun da ban taɓa roƙon Allah Ya ba ni ba, duk da na sha cewa ina so.

Masu zuwa ta'aziyya suna ta cewa mutum ne mai kawaici, marar yawan magana. Na gode musu, Allah Ya ba su lada, amma ba mijina suke nufi ba. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban iya gyara zance ba. Zan faɗe shi yadda yake.

Injiniya ake ce masa. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya kwance rediyon mai askin layinmu ya mayar, ya ga ragowar ƙusoshi cike da tafinsa, ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Rediyon bai sake magana ba. Yayarsa kuwa, wadda ke zaune tare da mu tun da mijinta ya mutu, Auta take ce masa, ko da furfura ta gama cin gemunsa.

Ni kifi da dankali nake soyawa, a wani ɗan shago da ke jikin gidan da muke haya. Wannan shagon shi ne tukunyar gidanmu, shi ne makarantar yara, shi ne maganin ƙafar Yaya. In aka rufe shi, an rufe bakinmu gaba ɗaya.

Duk gidaje da shagunan layin, ruwansu cikin babban bututu ɗaya yake zuba, wanda ya bi ta ƙarƙashin titi, da murafan ƙarfe jefi-jefi a kansa. Wata rana bututun ya toshe. Ma'aikatan magudana suka zo suka ɗaga murfi, suka yi ta fama, daga ƙarshe suka jawo wani dunƙulen kitse kamar tunkiya, gashi da tsummoki sun manne masa. Suka ajiye shi a bakin titi kowa ya zo ya gani, kowa kuma ya rantse ba nasa ba ne.

Kashegari duba-gari ya zo. Wani siririn mutum ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, da jan kwaɗon kulle ƙofa rataye a ƙugunsa. Ya bi shago-shago har ya iso nawa.

"Baiwar Allah, man da kika gama suya da shi, ina kike kai shi?"

Na nuna masa rariyar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ban ga amfanin ƙarya ba, ga tunkiyar can a bakin titi tana warin kifi.

Ya ce, "Magudanar gari ta ruwan wanka ce, da na wanki, da na bayan gida. Man suya, kitse, fenti, baƙin man inji, duk hukuma ta hana. Ki riƙa tarawa a jarka, motarmu tana zagayowa ta kwashe. Yau da baki na zo." Ya taɓa kwaɗon da yatsa. "In na dawo na tarar da wani abu ya bi ta rariyar nan, da wannan zan yi magana."

Injiniya yana kan kujerarsa, ya karkace yana saurare. Ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a ina ka karanci ilimin bututu?"

"Ban karanta ba. Shiga nake yi."

"Ai na ga alama. To ruwan sabulu fa? Shi ma an hana?"

"Wa zai hana mutane wanki?"

Idon Injiniya ya ƙanƙance, ya fara kaɗa ƙafa. Yaya tana fere dankali a gefe, ta ɗago ta dube shi, ta ajiye wuƙar.

"Inna lillahi. Ya yi idon nan. Jama'a, kowa ya ɓoye abin da yake so."

Duba-gari bai kai ƙarshen layi ba Injiniya ya miƙe tsaye.

"Maman yara, da me ake yin sabulu?"

"Ban sani ba, kuma ba na son in sani."

"Da mai! Me hukuma ta hana? Mai. Me ta halatta? Sabulu. Kin gani? Arziki ne tsabarsa suke so ki ɗora wa mota ta tafi da shi. Man nan zai shiga hannuna yana haram ya fito yana halal. Nan da baɗi, unguwar nan kaf da sunana za ta riƙa wanka."

Yaya ta ce, "Auta, kai da ko shayi ka haɗa sai an yi wa mutum addu'a kafin ya sha?"

"Yaya, ke dai ki zauna. In kamfani ya tsaya da ƙafarsa, ke za ki riƙe makullin sito."

Na tara man a jarka kamar yadda aka ce. Ranar da mota ta zo, na duba ban ga jarkar ba. Tana rumfar kwano ta bayan gida, inda yake ajiye gawarwakin fankoki da agogunan mutane. Ya rubuta MASANA'ANTA da gawayi a jikin ƙofar. Ya samo tsofaffin duro, ya sayo soda, ya cire sandar tsintsiyata mai dogon hannu ya mai da ita abin juyi.

Man shagona bai ishe shi ba. Ya bi gari yana roƙon na sauran masu suya, su kuwa abin nema ya samu, har da rakiya. Daga nan ya faɗa garejin bakanike.

Bakanike mutumin kirki ne, ya gaya masa gaskiya. "Injiniya, wannan fa baƙin mai ne, daga cikin inji ya fito. Ba irin na matarka ba ne."

"In mota ta sha shi ta yi gudu, me kake tsammani zai yi wa datti?"

Bakanike ya duba tulin baƙin man da shi ma aka hana shi zubarwa, ya duba Injiniya, ya ce, "Wallahi ka fi ni sani." Har ɗan taimakon ɗauka ya yi masa.

Kwanaki yana juyi, hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin kwano. Sabulun ya ƙi daskarewa. Ya fito launin kwalta, kauri kamar majina, warinsa kamar an soya kifi a cikin injin babbar mota. Injiniya ya ɗebo a kwalba ya ɗaga a rana yana kallo.

"Na ruwa ne. Masu kuɗi ba sa amfani da na dunƙule."

Mai aski ne ya fara karɓa, ba don ya yarda ba, sai don ya ji an ce kyauta. Ya shafa wa wani dattijo a haɓa zai yi masa gyaran fuska. Dattijon ya shiga da farin gemu ya fito da baƙi, maguna biyu na biye da shi har bakin titi suna kuka. Mai aski ya taho shagona da kwalbar a hannu, yana riƙe da ita nesa da jikinsa.

"Ina Injiniyan? Ka kashe min rediyo na yi shiru. Yanzu kuma ka sa maguna suna bin masu zuwa min aski!"

"Ka dubi dattijon nan da kyau? Ya koma saurayi. Wasu kuɗi suke biya a rina musu gemu."

"Ko kumfa ba ya yi!"

Yaya ma ta gwada, don dai jini ya fi ruwa kauri. Ta wanke farin mayafinta na zuwa unguwa. Da ta shanya shi, bakanike ya leƙo ta katanga ya tambaya ko tsummansa ne iska ta kawo. Ta bi Injiniya da mayafin a jiƙe tana tsula masa.

"Ɗan banzan yaro! Da wannan zan je gaisuwa? A ce daga ƙarƙashin mota na fito?"

"Yaya, ai fari saurin datti yake yi! Na hutar da ke!"

"Ko kumfa ba ya yi!"

Duk zagin da aka yi masa, wannan kaɗai ya shiga kunnensa. Bai ji wari ba, bai ji baƙi ba. Ya ce ashe kumfa jama'a ke so, to za su ga kumfa. Ya tafi kasuwa ya dawo da buhun wata farar hoda a kafaɗa. Na tambaye shi yadda ake sa ta.

"Mai sayarwa ya ce cokali ɗaya a bokiti."

"To?"

"Cokali na masu ƙaramin tunani ne."

Ya zazzage buhun duka a cikin duro-duron, ya karkaɗe shi.

Ko da hakan, babu wanda ya sake karɓa. Ya kai wa mai wankin mota, aka kore shi. Ya kai wa mai gidan da muke haya, tsohon ya shinshina ya ce yana da asma. Duro-duro suka zauna a rumfa suna tsami. Maguna suka mai da kwanon rumfar majalisa, tun safe har yamma. Sai labari ya zo cewa duba-gari zai dawo, kuma wannan karon har bayan gidaje zai leƙa.

Na ce, "Baban yara, ka ba motar hukuma ta kwashe. Ba ka yi sata ba, ba ka yi kisa ba. Gwaji ka yi bai yiwu ba."

"A fito da kayana a ɗora a mota, a bi da su ta gaban shagon mai aski? Yana tsaye yana washe baki? Gara a ɗauki gawata."

"To sha za ka yi?"

Ƙafar nan ta fara kaɗawa.

"Doka ta hana zubarwa," in ji shi a hankali. "Ba ta hana wanki ba."

Ban gane ba. Da na gane, da a bakin rariyar zan kwana.

Da sassafe na tafi sarin kifi. Abin da ya faru a bayana, Yaya ce ta ba ni labari. Ya bi gida-gida yana shelar wanki kyauta, kowa ya kawo kayansa. Mutane suka rufe ƙofofinsu, wata mata har da kwashe shanyarta da gudu. Ya nemi zanen gadonmu, Yaya ta zauna a kai. Ya rasa abin wankewa a duniya sai hular kansa.

Da hantsi na dawo da bahon kifi a kaina, na tarar da shagona a buɗe. Ya gangaro da duro-duron nan har wurin wanke-wankena, domin rariyata ta fi ta gida faɗi. Ya buɗe famfo har ƙarshe. Hannunsa ɗaya riƙe da hula a saman rariya, ɗayan yana kamfato sabulu da bokiti yana kwarara mata. Yana kan duro na ƙarshe.

"Me kake yi?"

"Wanki."

"Hula ɗaya?"

"Doka ta faɗi yawan sabulun da hula za ta sha? Ki nuna min wurin. Duk ɗigon da ya shiga rariyar nan, sai da ya taɓa hular nan. Ruwan wanki ne. Ko gaban alƙali."

Yaya na bakin ƙofa ta rafka tagumi. "An ce wankin hula yana kai mutum dare. Naka, Auta, gidan yari zai kai mu."

Ya matse hular, ya kifa ta a kansa a jiƙe, ya karkaɗe hannu. "An gama. Ina matsalar take?"

Sai ƙasa ta yi gyatsa.

Haka na ji shi, wallahi. Wani ɓulɓul daga ƙarƙashin ƙafafunmu, ya bi layin har ƙarshe ya dawo. Rariyata ta yi tari, ta tofo wata kumfa mai launin toka kamar kan jariri. Injiniya ya taka ta da ƙafa. Ta fito ta gefen takalmin.

Ihun farko daga shagon mai aski ya taso. Ya fito da gudu da almakashi a hannu, kumfa na biye da shi ta ƙofa, wanda yake yi wa aski kuma na bayansa da rabin kai. Sai ga mai gidan da muke haya, tsoho mai mutunci wanda ban taɓa ganin ko gwiwar hannunsa ba, ya fito daga banɗaki da buta, kumfa har ƙugu, yana salati da ƙarfi.

"Daga ƙasa ta taso min! Ina zaune lafiya! Daga ƙasa!"

Murafan ƙarfen nan na titi suka fara rawa kamar murfin tukunya in ta tafasa. Na farko ya ɗaga, kumfa ta yi tsiri ta fi mutum tsawo, ta kwanto. Na biyu ya bi. Kafin a ce kwabo titi ya ɓace. Kumfa ta shafe bakin kwata, ta hau matakala, ta kai tagogi. Wani mai babur ya shigo da gudu, muka ga kansa kaɗai yana tafiya, can kan ma ya nutse, sai hon muke ji. Motar haya ta tsaya, fasinjoji suka hau rufinta. Magunan unguwa kaf suka jeru a kan katanga, ga warin kifi ko'ina, sun rasa ta inda za su fara.

Bakanike ya hau kan wata matacciyar mota yana kira. "Injiniya! An ce ba ya kumfa, ko? To mun janye maganarmu! Ka kashe shi haka nan!"

"Kowa ya kwantar da hankalinsa!" in ji Injiniya. "Kumfa iska ce kawai. Iska kuma da iska ake korar ta."

Ya shiga rumfa ya fito da wata babbar fanka, ita kaɗai ce mai rai a cikin waɗanda ya gyara, sai dai baya take hurawa. Ya saita ta wajen titi ya kunna. Ta zuƙo kumfar titi ta watsa ta cikin gidanmu, ta cika tsakar gida, ta rufe Yaya har wuya.

"Auta! In na kama ka sai na mai da kai inda ka fito!"

Ya kashe fanka. Ya ce ruwa ne maganinta, a wanke ta ta wuce. Ya fizgo tiyon mai wankin mota ya feshe ta. Duk inda ruwan ya sauka sai ta ninka, kamar ana yi mata kirari. Iska ta fara yankar ta gunduwa-gunduwa tana tashi da ita sama, ta haye rufin gidaje. Muka ji an fara ihu a layin bayanmu.

"A toshe bakin!" in ji shi. "Kowane mai nauyi ya zauna a kan murfi ɗaya. Yaya, ke ɗauki na tsakiya."

"Uwarka ce mai nauyi."

"Ai uwarmu ɗaya."

Shi ya tafi da kansa. Ya kutsa cikin kumfa har ƙirji, ya lalubo murfin da ya fi rawa, ya haye ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ɗaga hannu. "Na danne shi!" Murfin ya yi shiru kamar yana tunani. Sai ya ɗaga shi sama a hankali, ya juya shi ya fuskanci gabas, ya karkata. Muka ga tafin ƙafafunsa, daga nan ba mu sake ganin komai ba.

A daidai lokacin duba-gari ya shawo kwana.

Ya naɗe ƙafar wandonsa, wanda bai amfane shi da komai ba. Bai yi ihu ba, bai tambayi kowa ba. Ya bi kumfar yana duba inda ta fi kauri da baƙi, kamar mai bin sawun ɓarawo, har ta kawo shi ƙofar shagona. Ya leƙa. Ga duro-duro a kife, ga famfo na zuba, ga rariyata tana aman kumfa. Jama'a suka taru a bayansa, kowa da farin gemu, har mata.

Ni kuwa ina tsaye, bahon kifin yana kaina har lokacin. Na manta ban sauke ba.

"Baiwar Allah, shagonki ne?"

"Nawa ne."

"Rariyarki ce?"

"Tawa ce."

"Wa ya zuba?"

Duk layin sun sani. Suna jira su ji daga bakina. Na duba titi. Can kusa da murfin akwai wani tudun kumfa da ya fi sauran tsayi, yana numfashi. Ya yi atishawa sau ɗaya, ya sake lafewa. Uban 'ya'yana ne a ciki. In nuna shi da yatsa a gaban mai aski da mai gida da fasinjojin da ke kan rufin mota? Na kawar da idona daga tudun.

Duba-gari ya ciro jan kwaɗon. Ya jawo ƙofar shagona ya rufe. Na ji ƙarar ƙarfe ya shiga ƙarfe. Na tuna kifin da ke kaina, wanda ba ni da inda zan soya shi, na tuna yara za su dawo daga makaranta. Yaya ta fashe da kuka tana cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Bai danna kwaɗon ba tukuna. Ya riƙe shi a hannu, ya ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

"Na san ba da gangan kika yi ba. Tsautsayi ne. Irin wannan ai ba ya bukatar ilimi. Ko yaro ya sami ragowar mai da hoda, ya kwaɓa da wasa, zai yi kumfar da ta fi wannan."

Tudun nan ya tsage.

"Yaro?"

Ya taso fari fat tun daga kai har ƙafa, ido biyu kawai ake gani, hular tana ɗigar baƙin ruwa. Ya taho yana santsi yana faɗuwa yana tashi, yatsa a sama.

"Yaro ka ce? Kawo min yaron! Ka zagaya garin nan kaf, ka nuna min wanda ya taɓa yin kumfar da ta tsayar da motar haya! Ka san irin man da na haɗa? Ka san daren da na... ka san juyin da na sha? Tsautsayi! Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, malam!"

"Kai ka haɗa?"

"Da wa zai haɗa?"

"Ba matarka ba?"

"Wannan? Ko bambancin soda da gishiri ba ta sani ba! Tana kasuwa ma. Cewa ta yi in ba motarku. Ni kaɗai na gangaro da duro, ni na buɗe famfo, ni na zuba. Ku shaida, jama'a, kada gobe wani ya ce da shi aka yi!"

"Mun shaida!" in ji mai aski. Duk layin suka amsa, har na kan rufin mota.

"A ina ka yi aikin?"

"Biyo ni ka ga masana'anta."

Ya shige gaba yana buɗa kumfa da hannu biyu, duba-gari na biye, jama'a na biye da su. Ya nuna masa murhu, ya nuna masa sandar juyi, ya nuna masa buhun hoda da babu komai a ciki, yana bayani dalla-dalla. Duba-gari ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya jawo ƙofar rumfar, ya rataya jan kwaɗon ya danna. Ƙarar ta fito ƙal.

Sai a lokacin Injiniya ya farga. Ya dubi kwaɗon, ya dubi jama'a. Yaya ta share hawaye da kumfa a fuskarta ta ce, "Baki shi ke yanka wuya. Yau dai naka ya yanka inda ya dace."

Da duba-gari zai wuce ta gabana, ya ce in sauke kifin nan kafin ya lalace. Ya ce in sa akwatin tare maiƙo a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kuma in canza makullin shago. Bai yi murmushi ba.

Hukuncin da aka yanke wa Injiniya shi ne ya bi ma'aikatan magudana, ya shiga rami tare da su, har sai an kwashe abin da ya zuba tun daga layinmu zuwa inda bututun ya ƙare. Aka ba shi takalman roba masu kaiwa gwiwa. Ya gaya wa duk wanda ya tsaya cewa hukuma ta ga aikinsa ta nemi ya zo ya duba mata bututu. Bayan an sallame shi ma bai daina sa takalman ba. In ya ga wata ta fito da kaskon mai za ta nufi rariya, tun daga nesa zai daka mata tsawa, ya tsayar da ita a rana ya yi mata wa'azin kitse, ya ce shi da idonsa ya ga abin da ke ƙasa.

Amma a yammacin ranar kumfar, bayan an watse, na kai masa abinci. Yana zaune a tsakar gida, fatarsa duk ta yi ja saboda soda. Bai taɓa kwanon ba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe za ki buɗe?"

Na ce, "Zan buɗe."

Ya ce, "To." Ya ja kwanon. Ya yi loma biyu, sannan ya fara bayyana min cewa da bututun garin nan na zamani ne, da ya ɗauke kumfar ba tare da kowa ya sani ba.

Har yau ban san abin da ya tashe shi daga cikin kumfar nan ba, ko cika bakinsa ne, ko ƙarar ƙofata da ya ji an rufe. Ban tambaye shi ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Ciwon bai daɗe ba. A asibiti, ranar da zai cika, yana ta nuna wa nas cewa ta rataya ledar ƙarin ruwa a karkace. Ta biye masa ta gyara. Ya ce yawwa, yanzu ta fara koyo. Bai ƙara wata magana ba.

Shago yana nan a buɗe, yara suna makaranta. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya taya ni da addu'a. Allah Ya jiƙan bawan nan Nasa, Ya yafe masa abin da ya ɓata da kyakkyawar niyya, da abin da ya ɓata don taurin kai. Allah Ya wanke shi tas, irin wankin da shi bai iya ba. Ku ce amin.